Dintsin da Bai Kai Kurgu Ba

Asabar, da hantsi

Ruwa ya ci Kurgu. Ba duka garin ba, amma unguwar su Yaya Dela ta tafi, ɗakinta ya narke har ƙasa. Mutanen unguwar suna makarantar firamare da ke kan tudu, kowane aji gida biyar ko fiye. Na biya mai jirgin ruwa ya ɗauko mini ita, sai ya dawo mini da saƙo maimakon mutum. Wai in ta taho wa zai riƙe muciya? Ashe ita ke dafa wa yaran wurin gaba ɗaya.

Tsohuwa ga tari ga ciwon gwiwa, amma taurin kan nan nata yana nan yadda na san shi tun muna yara. Ni Sa'adiyya na san halin yayata. Ko da igiya aka je ba ta tahowa sai yaron ƙarshe ya lashe kwano.

Bayan littafin darasin ɗalibaina na juya nake rubutu. In ban zubar da abin da ke raina a nan ba, a kan 'yata Fatiha zan sauke shi, ita kuwa yarinyar ba ta yi mini komai ba.

Litinin, bayan azahar

Yau ban koyar da karatu ba. Matan ajina sun zauna, na ce musu tukwanen dintsinsu nake roƙo. A garin nan namu na Bagudo tun kakanninmu, mace in za ta ɗora girki sai ta ɗebi dintsi ɗaya na shinkafa ta zuba a wata 'yar tukunya a lungun ɗaki. Ba a taɓa ta sai baƙo ya sauka ko wani ya shiga uku. Na ce to ga Kurgu ta shiga.

Hajiya Mariyamu maƙwabciyata, wadda bakinta ba ya da ƙofa, ta ce, "Malama, bayarwa ba wuya. Wa za ya kai? Don ni na gaji da masu riguna da rubutu a baya."

Na ce hanya ta yanke, kuma Gidauniyar Inuwar Gulbi ce kaɗai ke da mota da babban jirgi. Na ga fuskoki sun yi tsami. Sai na ce, ina kallon allo, ai yaron nan ne ke riƙe da makullin sitonsu.

Hajiya ta ce, "Shamsu? In Shamsu na, shi ke nan, ba ni da ta cewa."

Hannuna ne ya rubuta sunan a allo, bakina bai taɓa faɗarsa ba. Ɗan farina ne. Ba na kiran sunansa, ba na kallon idonsa, ban taɓa yi masa faɗa ko wasa ba, haka muka tarar ana yi. Ranar yayensa Yaya Dela ta goya shi ta tafi da shi Kurgu, ita da Allah bai ba haihuwa ba. Ita yake ce wa Inna. Ni Malama yake ce mini, kamar kowa.

Laraba, gab da magariba

Ƙafafuna sun kumbura amma raina fari ƙal. Gida-gida muka bi da Fatiha. Wata ta juye mana ja, wata fara, wata doguwa, wata karyayya da ta rage a turmi. Da aka haɗa ta a kan tabarma sai ta fito rodi-rodi, babu mai sayarwar da zai yarda ya sa irinta a faifansa. Ni kuwa ban taɓa ganin shinkafar da ta yi mini kyau kamarta ba.

Rahma, wadda mijinta ya rasu bara, tukunyarta ko rabi ba ta kai ba. Na ce ta bar wa marayunta. Ta ce, "Malama, so kike a rubuta lada ba ni ciki?" Ta juye har tana buga gindin tukunyar.

Kamar yadda aka saba, kowace ta yagi bakin tsohon zanenta ta ƙulle daddawa ko gishiri ko ɗan busasshen kifi, ta tura can cikin buhu, don wadda ta buɗe ta sami na miya. Hajiya Mariyamu da ɗorawar atamfarta ta zuwa biki ta ƙulla nata. Na ce Hajiya har sadaka sai an yi mata kwalliya? Ta ce ai Dela za ta gane, ta san ba ta manta da ita ba.

Yaron nan ya zo da mota da la'asar. Ya durƙusa daga nesa ya gaishe ni, na amsa ina kallon garu. Na ce wa garun a yi hankali da buhunan ƙasa kada su sha ruwa. Ya ce wa garun in sha Allahu.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Fatiha ta nuna mini hoto a waya. Ga buhunanmu jere a bakin aji, ga ƙyallen gidauniya an ɗaure a sama, ga Yaya Dela a tsakiya tana dariya da giɓinta. Na zagaya da wayar gidaje, har guɗa aka yi gidan su Rahma.

Yaya ta rame. Wuyanta ya fito.

Lahadi, da yamma

Na shiga jirgi na je Kurgu. Ba zan rubuta warin wurin ba.

Na tarar da ita gaban babbar tukunya tana dama wani abu da ko kunu ba a kira shi ba, ana hango gindin ludayi ta cikinsa. Na ce Yaya ina shinkafar? Ta ce sun sauke, sun ɗauki hoto, sun bar buhu biyu, sauran sun mayar cikin jirgi.

"Wai za a auna ta sito don a raba da adalci," in ji ta. "Ɗana ya ce da kanshi za ya dawo da ita. Kin san shi ba ya magana biyu."

Yara suka yi layi da kwanoni, ta zuba wa kowa. Da ta gama ta ɗauraye tukunyar da ruwa, ta shanye ɗaurayen, ta ce ta ƙoshi. Na yi faɗa, na yi roƙo, har na ce zan kira samari su cicciɓe ta zuwa jirgi. Ta ce, "Sa'a, tun kina tsirara nike wanke ki, yau ke za ki ba ni umurni?" Mata suka yi ta dariya. Ni ban yi ba.

Talata, da safe

Ba a kai ba.

Laraba, da safe

Ba a kai ba. Wai injin jirgi.

Ranar kasuwar Lolo, bayan la'asar

Da na san abin da zan gani da na ce kaina ke ciwo. Hajiya Mariyamu ce ta ja ni in raka ta sayen manja.

Can ƙarshen layin 'yan hatsi, inda mutanen Benin ke tsayawa da kuɗinsu na sefa suna kwasar abinci, mun ga wani ɗan kasuwa da sababbin buhuna farare ba rubutu. Ya buɗe bakin ɗaya. Hajiya ta tsaya cak. Ta sa hannu ta ɗebo, ta baza a tafinta. Ja, fara, doguwa, karyayya.

Na ce a raina wataƙila wani gari ma sun yi dintsi. Har na fara jan mayafinta mu wuce. Sai idona ya faɗa kan wani faifai a gefensa. Ƙulle-ƙulle ne tuli guda, ya ware su yana sayarwa daban. Ga ɗorawar atamfar Hajiya a sama. Ga shuɗin zanen Rahma. Ga nawa.

Sun canza buhu, sun zaci sun gama. Namiji bai san shinkafar dintsi ba ta ɓoyuwa ba.

Hajiya ta ɗauki ƙullinta ta ce, "Malam, wanga nawa?" Ya faɗa. Ta kwance bakin zane ta biya, ta sayi daddawarta da ta daka da hannunta. Ta tambaye shi wa ya kawo masa kayan. Ya ce wasu samari ne da mota daga Bagudo, shi dai ya saya, bai saci na kowa ba.

Har muka iso gida ba ta ce mini uffan ba. Matar da ko a makabarta sai ta sami abin faɗa. Da zagina ta yi da na fi samun sauƙi.

Washegari, da azahar

Na share aji, na shimfiɗa tabarmi. Ba wadda ta zo.

Asabar, da la'asar

Yaron nan duk rayuwarsa in ya yi laifi hanya ɗaya ce. In aika wa Yaya Dela, ita ta kira shi ta ja masa kunne. Ita ke da baki a kansa. Yanzu in je in ce mata me? In ce abin da kike jira ɗanki ya sauke shi a Lolo? Matar da ruwan ɗauraye ke riƙe da ita?

Na sa Fatiha ta kira shi. Ya zo ya durƙusa bakin ƙofa, ni ina ciki na juya baya. Na ajiye ƙullina a kan dokin ƙofa, wanda Hajiya ta saya mini ta cusa a hannuna ba magana.

Na ce wa garu, an ga wannan a kasuwa.

 Sai ya ce, "Malama, Oga Bunyaminu na ofis ne ya ce a sayar. Akwai man jirgi, akwai hayar ofis, akwai waɗanda ake gani kafin a bar mota ta wuce. Ya ce in tallafin waje ya shigo za a sayi wadda ta fi ta a kai."

Na ce wa garu, yaushe?

Ya ce bai sani ba. Ya ce duk ƙungiyoyi haka suke yi, kuma in ya buɗe baki aikinsa ya tafi, ga matarsa da tsohon ciki.

Na ce wa garu, wadda ta tauna abinci ta sa maka a baki tana shan ɗaurayen tukunya.

Na ji numfashinsa ya canza. Na so in juyo. Wallahi na so in juyo in kira sunansa da ƙarfi, in kama kunnen nan in murɗe kamar yadda kowace uwa ke yi. Na buɗe baki, sunan ya zo maƙogwaro ya tsaya. Shekara da shekaru ina alfahari da kunyata, ana cewa Malama ba ta taɓa ko kallon ɗan farinta ba. Yau ga ranar da nake bukatar bakina a kansa, ba ni da shi.

Ya tashi ya tafi. Ya bar ƙullin a inda yake.

Litinin, da magariba

Na sake ɗaukar kwarya na bi gidaje. Na ce wannan karon ba mota, ba sito, ba hoto. Ni da kaina zan shiga jirgi in juye a tukunyar Dela, wadda ke so ta biyo ni ta gani.

Ba wadda ta yi mini rashin kunya, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ana shimfiɗa mini tabarma, a kawo ruwa, a tambayi jikin Yaya. In na kawo maganar sai ido ya koma ƙasa. Wata ta ce maigida ya hana. Wata ta ce bana sai a hankali. Wata ta ba ni ɗan abin da ko kaza ba ta ƙoshi da shi, ta bi shi da kallo har na fita.

Rahma ta ja ni ɗaki ta nuna mini tukunyar dintsinta a kife. Ta ce, "Malama, tun rannan ban ƙara ɗiba ba. In na kai hannu sai in tuna na rage wa ɗiyana na ba mai mota."

Hajiya Mariyamu na bari ƙarshe. Ta saurare ni har na gama. Ta ce, "Sa'adiyya, ba ke munka ƙi ba. Na san ke ba ki ci ko ƙwaya. Amma ranar ma ai ke kinka tsaya mana. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu shikai. Hannuna ya mutu, ban san yadda zan tashe shi ba."

Ba ta yi ƙarya ba, shi ya sa ban iya jin haushinta ba. Na so in ji haushin wani, in huta.

Abin da na tara duka bai rufe gindin kwaryar ba.

Talata, da hantsi

Na kwashe shinkafar gidana, wadda na ajiye mu kai kaka. Fatiha ta kalle ni. Na ce mata gero bai taɓa kashe kowa ba.

Laraba, da yamma

Amai da gudawa sun shiga makarantar. An binne yara, ban tambayi ko nawa ba. Wasu gidajen sun tattara sun haye Benin wurin dangi.

Yaya na kwance a baranda kusa da murhu, daga nan take nuna wa wasu mata yadda za su yi. Ta ƙi a shigar da ita aji, wai ba ta ganin tukunya daga can. Da ta ga an sauke buhu fuskarta ta washe. Ta ce, "Ɗana ne?"

Na ce shi ne, Yaya. Shi ya aiko.

Ta ɗaga hannu ta yi ta sa masa albarka. Allah ya ba shi masu yi masa, Allah ya sauki matarsa lafiya, Allah ya sa ya gama da duniya lafiya. Ina cewa amin. Sai ta ce a matso mata da buhun ta ga dintsin matan Bagudo, ko za ta gane ƙullin Mariyamu.

Ta tura hannu har gwiwar hannu ta laluba. Ta fito da shi ta baza a tafinta. Fara sol, iri guda.

Ta daɗe tana kallo. Yaya ta yi shekara arba'in tana turara shinkafa tana kaiwa kasuwa, ni ce zan ruɗe ta?

Ta ce, "Wagga taki ta, Sa'a. Ta gonar bayan gari."



Ta ce, "Rannan da sunka mayar da buhunan jirgi, bai dube ni ba. Tun shina ƙarami in ya ɓata abu ba ya duban idona." Ta mayar da shinkafar cikin buhu, ta kakkaɓe tafinta a hankali don kada ƙwaya ta faɗi ƙasa. "Kada ki faɗa mini. In kin faɗa sai na yi mishi baki, ni kuwa ban so."

Na ce ta taho gida, don Allah, don darajar iyayenmu. Ta ce in an kwana biyu. Ta ce a ɗora ruwa yara na jira. Da aka dafa na kai mata da hannuna, ta ci loma biyu don ta sallame ni, ta tura wa wata yarinya sauran.

Mai jirgi yana ta kira rana za ta faɗi. Na baro ta. Na baro ta a barandar.

Juma'a, da asuba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaya.

Lahadi, bayan azahar

Sadakar uku. Gidan nan bai taɓa ganin abinci irin na yau ba. Kowace mace ta shigo da kwano a kai, shinkafa da miya, shinkafa da wake, tuwo, masa. Hajiya Mariyamu da babbar roba ta zo, mutum biyu suka kama mata. Wasu ɗanya suka kawo a ƙullin zane, har ta cika mini buhu. Rahma ta rungume ni tana kuka tana cewa a yafe mata.

Ina zaune ina kallon kwanonin. Rabin wannan da ya isa Kurgu makon jiya. Ban faɗa ba. Sun sani, shi ya sa kwanonin suka yi girma haka.

Shi ma ya zo. An ce a makabarta sai da aka riƙe shi. Ya durƙusa bakin ƙofata yana kuka kamar yaron goye, yana cewa Innata, Innata. Mata na ta ba shi haƙuri. Ni na ga garu.

Ba ni da yaya, kuma ban san ko ina da ɗa ba.

Talata, da safe

Na ɗora girki na manta gishiri. Fatiha ta ci haka nan.

Alhamis, da la'asar

Ina ɗaki Fatiha ta leƙo ta ce ana sallama. Wata Asma'u ce daga Lafagu, da goyo a bayanta da kwarya a kai. Wai matan garinsu sun kafa ƙungiya, suna tara wa yaran da suka rage a makarantar Kurgu, don tun ranar Juma'a tukunyar sai ta wuni ba a ɗora ba. An ce mata ta fara da gidan Malama.

Na leƙa ta labule. Na san gidansu, na san uwarta, mutanen kirki ne. Ƙafafunta duk laka, da gani a ƙasa ta tako. Ba na shakkar yarinyar nan ko kaɗan, Allah shi ne shaidata. Ga buhun shinkafar ta'aziyya jingine a bayana, ko buɗe shi ba a yi ba. Yaran nan na san fuskokinsu, na san wadda Yaya ta tura wa kwanonta.

Na ce wa kaina tashi. Na sake cewa tashi, Sa'adiyya. Ina kallon hannuwana a kan cinyata.

Na ce wa Fatiha ta ce ba na nan.

Yarinyar ta tsaya tana dubana, don ban taɓa sa ta ƙarya ba. Sannan ta fita. Na ji Asma'u ta ce ba komai, Allah ya jiƙan Inna Dela, ta ji labarinta. Na ji takunta ta fita zaure.

Ta yi sallama a gidan Rahma. Na kasa kunne. Ta sake yi, ta ƙara ta uku. Har yanzu ina nan zaune inda nake, ban ji an amsa ba.